Gidan da Mama Lois Ta Zaɓa

Duk wanda ya daɗe yana sayen doya a kasuwar Jalingo ya san Mama Lois. In bai san sunanta ba, ya san 'yar wuƙar nan da take sokewa a ɗankwali. Shekara talatin da ɗoriya ta yi a rumfa ɗaya, ba ta taɓa barin mai saye ya tafi da doyar da ba ta yanke bakinta ya ga cikinta ba. In ta ruɓe sai ta ce ta ruɓe, ta jefar gefe, ko da mai sayen ya riga ya ce a ɗaura masa a babur. Abokan sana'arta sun yi mata dariya har sun gaji, suna cewa da wannan gaskiyar tata ba za ta taɓa sayen ko keke ba. Ba ta saya ba kuwa. Amma matan Turaki da na Yelwa in biki ya taso ba sa ko leƙa wata rumfa, wajenta suke nufa kai tsaye.

'Yar Mumuye ce daga can wajen duwatsun Yorro. Tana da shekara goma sha tara wani kafinta mai suna Barnabas ya aure ta ya kawo ta gari, suka yi shekara goma a ɗaki ɗaya na haya. Wata rana ya dawo da garin katako a gashinsa, ya ce ya sayi fili a Yelwa. Bai tambaye ta ba, faɗa mata kawai ya yi, kamar yadda zai ce mata gobe akwai taron coci. A lokacin wannan gefen na Yelwa gonakin gyaɗa ne da masara, in ka tsaya a filin rufin kwano uku kaɗai kake hangowa. Lois ta yi kuka, ta ce ya kawo ta daji. Da ta gama kukan sai ta ɗauki daro ta fara ɗebo ruwan buga tubali, kuma rabin gidan nan a kanta aka ɗauko shi.

Barnabas mutum ne mai taurin kai a kan addininsa. Da mahaifinsa ya rasu a ƙauye, yayyensa suka ce sai an yi wa gawar al'adun gida, shi kuwa ya ce ba da shi ba. Aka yi cacar baki ta fitar hankali. Yayyen suka ce ai ba laifinsa ba ne, wannan matar cocin ce ta juya masa kai, suka kira ta da sunayen da ba za a maimaita ba, tana tsaye tana ji da goyo a bayanta. Daga ranar Barnabas ya rantse cewa shi da ita ba za su sake komawa garin nan ba, ko a raye ko a akwati. Da suka dawo Yelwa ya ɗauki tef ɗin awonsa ya zaga bayan kicin, ƙarƙashin mangwaron da ya dasa, ya auna wuri biyu kusa da juna. Ya sa ta tsaya jikin bango ya auna tsawonta, ya ce ya ƙara mata taƙi ɗaya saboda ɗankwali. Ta ce masa ba shi da hankali. Yana dariya ya jera bulo huɗu a kusurwoyin nata wurin.

Hawan jini ne ya ɗauke shi a shekarar 2009. Aka binne shi a inda ya auna, aka ɗaure kabarin da siminti da farin tayil, aka kafa gicciye a kai. Gefen hagu aka bar shi ƙasa zalla da bulon nan huɗu. Kowace safiya Lois tana share wurin biyu kafin ta share ɗakinta, kuma ba ta taɓa yarda a shuka ko yakuwa a nata gefen ba. In matan zumuntar coci suna hirar inda za a kai su in ta Allah ta kasance, wata ta ce ƙauye, wata ta ce duk inda yara suka ga dama, sai ita ta ce ta riga ta san adireshinta. Ba ta da mota, ba ta da gwal, gwiwoyinta sun hana ta kasuwa, amma wannan ɗan wurin yana nan yana jiranta, kuma shi ne duk abin da take nema a wajen duniya.

'Ya'yanta uku ne suka rayu. Mata biyu sun yi aure, ɗaya a Wukari, ɗaya a Yola. Namijin shi ne Nathan. Ya yi difloma, ya yi yawon neman aiki har takalminsa ya cinye, daga ƙarshe ya zama dillalin filaye. Irin samarin nan ne masu waya biyu da riga a soke cikin wando, waɗanda in sun ga kuka ko tsamiya ba inuwa suke gani ba, shaguna nawa za su fito a wurin suke gani. Takardar gidan Yelwa tana hannunsa. Ba ƙwata ya yi ba, Lois ce da kanta ta ciro ta daga ƙasan akwati mako guda bayan jana'iza ta miƙa masa, don a wajensu ɗa namiji ne yake riƙe gida, kuma ta yi hakan ne da alfahari.

Sai gari ya iso Yelwa. Aka shimfiɗa kwalta ta gaban gidan, tsofaffin maƙwabta suka yi ta sayarwa suna tashi, masu shaguna da 'yan haya suka maye gurbinsu, mutanen da ba su san Barnabas ba balle inda yake kwance. Wani Alhaji Yuguda, mai fataucin shanu, yana neman wuri mai itatuwa da rijiya zai gina wa mahaifiyarsa gida, don ta gaji da cunkoson Turaki. Nathan ya kawo shi ranar Lahadi, Lois tana coci. Kafin su iso ya rufe kabarin da tamfol ya jibga masa tsofaffin katakai, ya ce tarkacen babansa ne. Alhaji ya ga wuri ya yi masa. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba zai sa uwarsa ta kwana a kan kabari ba, in akwai a faɗa masa tun yanzu ya nemi wani wuri. Nathan ya ce babu, ya kuma sa hannu a takarda cewa babu. Kafin Lois ta dawo an kwashe katakan, an ninke tamfol, har an share wurin.

Ran Talata da safe ya zo mata da burodi da gwangwanin madara, ya zauna a kujerar katakon da ubansa ya yi, ya ce:

"Mama, Allah ya buɗa mini hanya. Zan sayi gida in zuba 'yan haya. Wuri biyu na gani, ɗaya a hanyar Sunkani, ɗaya a Turaki, na kasa yanke shawara. Ke za ki zaɓa mini."

Ku ji wannan mugunta. Da ya zo da zagi ko da 'yan sanda, da ta san yadda za ta tsaya masa. Amma matar da tun da aka haife ta ba a taɓa tambayarta inda take so ba, ba a tambaye ta miji ba, ba a tambaye ta Yelwa ba, yau ɗanta mai difloma ya zauna a gabanta yana neman hankalinta. Daɗi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Ya ce ta zo ta kwana uku a gidan da yake haya a cikin gari, ya fi kusa da wuraren, ga shi kuma matarsa Cynthia tana jego tana bukatar taimako. Lois ta ɗauko atamfar da take sawa ran Kirsimeti, ta share bayan kicin, ta kulle ƙofa ta bi shi.

Hanyar Sunkani suka fara zuwa. Keken haya mai ƙafa uku ya yi ta tafiya har gidaje suka fara yin nisa da juna, sannan aka sauka aka taka. Ɗaki biyu ne an rufa ba a yi filasta ba, amma fili fa, fili har ido ya gaji, da ɗorawa guda a tsakiya. Lois ta sunkuya da ƙyar ta ɗebi ƙasa, ta murza, ta kai hanci. Jar ƙasa ce mai taushi, irin wadda doya take kwanciya a ciki ta yi ƙiba. Ta taka har ƙarshen filin ta dawo, iska tana kaɗa mata zane, ranta ya so wurin sosai, ya tuna mata Yelwa ta shekarun farko. Amma ta tsawata wa kanta. Ba yawon buɗe ido aka kawo ta ba, aiki aka ba ta. Ta nufi wata mata da take daka a maƙwabta ta tsare ta da tambayoyi: yaya ruwa a watan Maris, wuta tana zuwa, keke yana shigowa in an yi ruwan sama, asibiti fa? Matar ta faɗa mata gaskiya, kuma gaskiyar ba ta masu haya ba ce. Wace nas ce ko wane malamin makaranta zai zo ya zauna a nan yana taka laka zuwa bakin titi kowace safiya?

Nathan yana tsaye ƙarƙashin ɗorawa yana kallonta. Sau biyu ya ce mata ta duba da kyau, ko ba ta son nan? A duk tafiyar nan, a nan ne kaɗai bakinsa ya kusa buɗewa, wannan kam ba za a hana shi ba. Ta juyo tana karkaɗe ƙasa daga hannunta ta ce:

"Ni zan zauna a ciki ne?"

Ya ciro waya ɗaya daga aljihu ya hau latsawa.

Gidan Turaki kuwa ɗakuna huɗu ne, biyu suna kallon biyu, a matse tsakanin katangu. Daga bakin ƙofa har bangon baya siminti ne malale, babu ƙasa ko ta cika tafin hannu. Akwai famfo a tsakar gida, akwai mita a bango, ana jin hayaniyar kasuwa daga ciki, ana kuma jin warin kwata. Tun da ta sa ƙafa ta ji ba ta son gidan, numfashinta ma kamar ba ya kaiwa ƙasa. Duk da haka ta bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, ta murɗa famfo, ta leƙa banɗaki, ta ɗaga kai ta duba silin ko akwai tabon yoyo. Washegari ta ce a mayar da ita da tsakar rana ta ji zafin ɗakunan. Ta tsayar da wani tela a bakin layi ta tambaye shi inda ruwan kwata yake kaiwa a watan Agusta. Ko lokacin da take zaɓen doyar biki ba ta taɓa tsananta bincike haka ba, don ba ta so a ce uwar Nathan ta jefa shi a asara.

A daidai kwanakin nan biyu leburori huɗu suna bayan kicin ɗinta a Yelwa da guduma da shebur.

Ran Alhamis bayan an ci abincin rana ta yanke hukunci, kuma ta yi bayani mai tsawo, don ta daɗe tana shirya shi a ranta. Ta ce filin hanyar Sunkani ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma na manomi ne, mai haya ba zai je ba sai bayan shekaru. Na Turaki ba zai yi mako guda babu mutum ba. Ta ce simintin nan ma alheri ne: babu laka, babu faɗan wa ya shuka a ina, babu kajin wani su tone na wani. Mai haya ba ya bukatar ƙasa, in ji ta, ruwa da wuta yake nema. Cynthia ta sunkuyar da kai tana gyara wa jariri riga, rigar da ba abin da ya same ta. Nathan ya ce madalla. Nan take ya kira 'yan uwansa mata, ta Wukari da ta Yola, ya buɗe muryar waya, ya ce Mama ta maimaita su ji. Ta maimaita kuwa, har da ƙarin gishiri, tana jin kanta wata babba.

Ran Juma'a da hantsi ya kawo ta gida. Ta ajiye jaka, ta ɗauki tsintsiya tun ba ta cire atamfa ba, ta zaga bayan kicin. Mangwaro yana nan. Ban da shi babu komai. Daga bangon kicin har katanga an malale da sabon siminti, sumul, an yayyafa masa ruwa yana sheƙi. Ba gicciye, ba tayil, ba bulo huɗu. Ta tsaya tana kallo kamar wadda ta shiga gidan wani bisa kuskure. Can gefe ta ga baro cike da fasassun farin tayil, ɗaya yana ɗauke da rabin sunan mijinta, sai a lokacin ta zauna a ƙasa.

Nathan ya tsaya daga nesa ya faɗi komai da sauri, kamar mai karanta sanarwa. Ya sayar da gida. Gidan Turaki ba na haya ba ne, can za su koma dukansu. Ba wanda ya taɓa Baba, yana nan a ƙasa yadda yake, sama kawai aka gyara. Ta ɗago ta tambaye shi abu ɗaya, ina nata wurin. Abin da ya fito daga bakinsa kuwa, ni dai ban san ɗan da zai iya faɗa wa uwarsa shi ya kwana lafiya ba.

"Mama, na kai ki inda akwai ƙasa. Da kin ce hanyar Sunkani, da na kwashe Baba na kai shi can, na bar miki wurinki a gefensa. Sau biyu na tambaye ki. Ke kika ce Turaki, kowa ya ji. A Turaki a ina zan sa shi?"

Ko da gaske ya yi niyyar hakan, ko a tsaye a wurin ya ƙirƙiro maganar don ya sauke kayan a kanta, Lois ba ta sani ba, kuma ba za ta taɓa sani ba. Wannan rashin sanin shi ya fi cin ta. Ta yi ta juya tafiyar nan a ranta, ƙasar da ta murza, iskar da ta ji, tambayar da ya yi mata, da amsar da ta ba shi tana taƙama. Da ta saurari ranta sau ɗaya a rayuwarta ta ce nan nake so, da ƙila yanzu ana haƙa wuri biyu ƙarƙashin ɗorawa. Ta zaɓa wa baƙin da ba su wanzu ba, ta bar kanta a waje.

Bai gama ba. Ya durƙusa, yanzu kam da hawaye, ya ce ya sa hannu a takarda cewa babu kabari, kuma abin da Alhaji ya biya ya riga ya shige gidan Turaki. In magana ta fito, 'yan sanda ne da kotu, Cynthia ga ɗanyen goyo. Kuma gobe mahaifiyar Alhaji za ta zo, ta ce ba za ta yarda a aza ko bulo ɗaya ba sai ta ji daga bakin tsohuwar gidan. Lois ta tambayi wace ce. Da ya faɗi sunan sai ta rufe ido.

Hajja ce. Doguwar Bafulatanar nan ta Turaki da ta fi shekara ashirin tana sayen doya a rumfarta, wadda ba ta taɓa taya farashi sau biyu ba, wadda in ta zo sai ta zauna a benci su yi hirar ciwon baya da halin surukai. Da Barnabas ya rasu har rumfa ta zo ta yi mata gaisuwa da ƙwaryar fura. Ƙawancen kasuwa ne, ba su taɓa zuwa gidan juna ba, amma ƙawance ne na gaske.

Ta iso ran Asabar da safe, Alhaji Yuguda yana riƙe da hannunta. Da ta ga Lois sai fuskarta ta washe, ta ce ashe gidan ƙawarta ne, ai da ta sani da ba ta wahalar da kowa ba. Suka zaga gidan tare, Hajja tana yaba rijiya, tana yaba inuwa. A bayan kicin ta tsaya a kan sabon simintin, ta dogara da sandarta, ta sa ɗanta da Nathan su ja baya.

"Lois, yaran yanzu takarda suke rantsewa da ita, ni ban san takarda ba. Ke na sani. Na ji ana cewa mutanenku wani lokaci a gida suke binnewa. Maigidanki da ya rasu, ina aka sa shi?"

Lois ta dubi inda sandar take tsaye. Ta san wurin ko a rufe da ido, daidai ƙirjinsa ne. Ta dubi Nathan can jikin bangon kicin, ya haɗa hannuwa a gaba kamar yaron da aka kai wa hedimasta. Shekara arba'in ta zauna da mutumin da yake ƙarƙashin simintin nan, wata tara ta ɗauki cikin wancan.

"An kai shi ƙauye," in ji ta.

"Babu kowa a ƙasar nan?"

"Babu kowa."

"Shi ke nan. Useko, na gode, ƙawata." Hajja ta juya ta ce wa ɗanta ya kira magina.

Mako biyu bayan haka aka kwashe ta zuwa Turaki. Nathan da Cynthia suka ɗauki ɗaki biyu na gaba, aka sa ɗan haya a na uku, ita aka ba ta na ƙurya kusa da banɗaki. Duk abin da ta faɗa a kan gidan ya tabbata: ruwa ba ya yankewa, babu laka, ɗan haya ya shigo tun kafin fenti ya bushe. In baƙi sun zo suna yaba wurin, Nathan yakan ce ai Mama ce ta zaɓa, idonta ba ya kuskure. Lois ta daina zuwa zumunta, don tsofaffin matan da suka tsaya a bakin kabarin ranar jana'iza sun ji labari, kuma sun yi shiru, wasu don tausayin Nathan, wasu don gudun abin da zai tashi tsakanin coci da maƙwabta. Shirun nasu ya fi mata zagi ciwo. Sau ɗaya ta bi ta Yelwa a keke, ta ga doguwar katanga da baƙar ƙofar ƙarfe, kan mangwaro yana leƙowa ta sama. Hajja ta aiko sau uku a zo da ita ta ga gida, sau uku Lois tana cewa gwiwa ta hana ta.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ɓarin jikinta na dama ya shanye. Tana kwance a ɗakin ƙurya tana kallon silin, ta yi ta shirya magana kamar yadda ta shirya waccan ta zaɓen gida. Za ta faɗa wa Hajja gaskiya. Za ta ce ta yi mata ƙarya, ta roƙe ta gafara, ta roƙe ta kada a taɓa yaron, sannan ta roƙi ɗan wuri a gefen hagu, ko babu gicciye, ko babu suna, a fasa siminti a sa ta a mayar. Ta san abu ne mai wuya. Amma Hajja mace ce mai tsoron Allah, ita ma ta binne miji.

Hajja ta zo dubiya wata Lahadi da la'asar, da Alhaji Yuguda da ledar lemu. Ɗakin a cike yake: sabon faston da bai taɓa sanin Barnabas ba, matan zumunta huɗu daga cikin tsofaffin, Cynthia a bakin ƙofa da yaro a baya, Nathan a bayanta. Lois ta so a ce su biyu ne kawai, amma ta san jikinta, ba lallai a sami wata Lahadin ba. Ta kama hannun Hajja da hannunta mai motsi, ta tattara harshenta da ya yi nauyi ta ce:

"Hajja, ina so in kwanta kusa da Barnabas."

Numfashi ta tsaya ja don ta ci gaba, amma Hajja ba ta jira ba. Idonta ya kawo ruwa, ta buga sanda a ƙasa ta ce a kira mata Nathan. Ta wanke shi tas a gaban kowa. Ta ce ta san halin yaran zamani, uwa ta mutu su tura ta maƙabartar gari don gudun wahalar hanya. Ta ce wannan matar ba ta taɓa cutar kowa ba, ba za a raba ta da mijinta ba muddin tana numfashi. Ta sa fasto ya miƙo Littafi Mai Tsarki, ta ce Nathan ya ɗora hannu ya yi alkawari cewa in ranar ta zo zai kai uwarsa ƙauye, ya sa ta a inda ubansa yake. Alhaji Yuguda ya ce motar da za ta kai ta da man da za ta sha duk a wuyansa, ko da damina ce, ko hanya ta lalace.

Nathan ya ɗora hannu ya yi alkawarin ƙauye da murya sarai, ko gargada babu. Fasto ya ce amin. Matan zumunta huɗu suka zuba wa ƙafafunsu ido.

Ƙauye. Wurin mutanen da suka zage ta da goyo a baya, wurin al'adun da Barnabas ya bar gidan ubansa saboda su, inda babu ko ƙashinsa ɗaya. Sauran maganar tana nan a bakin Lois, kalma biyar ko shida ne kawai. Ta dubi Alhaji, mutumin kirki da takardar rantsuwa take aljihunsa. Ta dubi yaron da yake barci a bayan Cynthia da yatsa a baki. Hajja ta sunkuyo tana share mata gefen baki da bakin mayafinta, tana tambaya ko yanzu hankalinta ya kwanta.

"Ya kwanta," in ji Lois. "Na gode, Hajja."